Minti Uku

A ƙasan wani coci a arewacin Milwaukee,
daren Talata, dusar ƙanƙara ta kai ƙwauri,
sun jera kujerun ƙarfe a da'ira
don kada wani ya zauna gaban wani.
A allo an rubuta: Mu saurari juna.
Kowa minti uku.

Ni, Odessa Pruitt, mai dafa wa 'yan firamare abinci,
na zo da takarda a aljihun kwat,
na ninke ta huɗu.
Injin ɗumama aji biyu ya mutu tun Nuwamba,
yara ashirin da bakwai na rubutu da safar hannu.
Abin da ya fito da ni ke nan.
Na bar jikata wurin maƙwabciya.

Meredith ce ta fara miƙewa.
'Yan kunnenta daga Kenya suke,
ta gaya mini tun a bakin ƙofa.
Ta ce littafi tara ta karanta bana,
ta ce barci ya ƙaurace mata
tun da ta gano kakanta ya sa hannu a takardar
da ta hana baƙar fata sayen gida a layinsu.
Muryarta ta karye.
"Mu ne," ta ce. "Mu ne muka yi."
Sai ta dube ni.
Ba ta dubi fasto ba, ba ta dubi bango ba.
Ni ta duba,
kamar ni ce akawun da ke karɓar tuba
yana yanka rasit.

Minti uku suka zama goma sha ɗaya.
Wa zai duba agogo ana kuka?

Graham ya ce shi bai cancanci magana ba,
ya yi bayanin haka na minti bakwai.
Wata ta nemi gafarar taɓa gashin 'yar ajinsu
shekara talatin da suka wuce.
Wani ya tambaye ni wace kalma ce ta dace yanzu,
yana riƙe da biro,
kamar zai rubuta sunan magani.

Ban san lokacin da hannuna ya shiga jaka ba.
Na zaro hankici na miƙa mata,
na shafa bayanta, na ce, "Ya isa, ya isa,"
da muryar da nake lallashin yaron da ya zubar da madara.
Uwata ta yi wannan aikin a gidajen bakin tafki,
amma ita ana biyan ta ranar Juma'a.

Ba ƙarya take ba. Wannan ne ya fi ci mini rai.
Hawayen na gaske ne, masu gishiri, masu ɗumi.
Da ana zuba su a bututu
da aji biyu sun cire safar hannu.

Ƙarfe tara fasto ya ce lokaci ya ƙure,
ya ce daren nan an yi jarunta.
Aka tafa. Aka naɗe kujeru.
Takardata ba ta ga fitila ba.

A waje ta tsaya da mota, ta ce in shigo.
Kujerar ma tana da ɗumi, har cikin ƙashi.
Ta ce, "Ki gaya mini gaskiya, kin tsane mu?"
Na ce, "Ki yi dama a wajen shagon tayar nan."
Muka yi shiru tsawon danja biyu.

A ƙofar gida na warware takardar,
na ɗora mata a kan cinya.
Na ce, "Lambar ofishin tana ƙasa.
Sau shida na kira.
In muryarki suka ji, suna ɗauka."

Ta riƙe ta da hannu biyu,
leɓenta ya soma rawa.
Na ce, "A'a. Ƙarfe takwas suke buɗewa."
Na rufe mata ƙofa a hankali.
Hankicina yana wurinta har yau.